Abin da Aka Faɗa a Ɗakin Gwaji

Shafi na 27

Masu cika min waya da "ina sauran" tun da sassafe, ku sassauta, ga shi nan. Mun bar Auta ta fito daga ofishin malamarsu, wadda ɗalibai ke kira Dakta a gabanta, Kunne a bayan idonta, an zare mata gurbin horon asibiti an miƙa wa aminiyarta Tabarau.

Auta ba ta yi gida ba. Kai tsaye ta zarce filin da babanta ke koyar da tuƙi.

Ta same shi a kujerar mai zaman banza, wata mata ta ƙanƙame sitiyari kamar za a ƙwace mata, motar na tafiya tana tari. Saura kaɗan su hau tayoyin da aka jera a gefe, Baba ya taka birkin ɓangarensa, mota ta tsaya cak.

"Hajiya, tayar nan ba ta yi miki komai ba. Sauka ki sha iska, sai gobe."

Matar na fita Auta ta faɗa mazaunin direba, ta bugo ƙofa.

"A hankali, likitar magana. Ƙofar nan ta girme ki."

Ba ta yi dariya ba.

"Baba, an cire ni."

"An cire ki daga ina?"

"Daga gurbin asibiti. An ba wa Tabarau."

Ga wanda bai sani ba, wannan karatu nasu na halayyar ɗan Adam, mai kula da masu ciwon damuwa da firgici ta hanyar zama da magana, doguwar hanya ce. Ka yi digiri na farko, ka ɗora na biyu, duk da haka ba ka isa ka rufe ƙofa da mara lafiya kai kaɗai ba. Sai ka yi shekara guda a asibiti, wani babba na zaune a kanka yana sauraron duk kalmar da ka faɗa wa mutane. Shi zai sa hannu, sannan hukuma ta ba ka lasisi. In ba gurbi, ba lasisi. In ba lasisi, takardunka sun zama adon bango. Baba shekarar lana yake kiran shekarar nan, kamar ta ɗan koyon tuƙi. Gurbi ɗaya ya rage wa ajinsu bana, kuma har masu shara a sashen sun san na Auta ne.

Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Wace Tabarau? Wadda take cika min falo da littattafai? Wadda na koya wa ribas kyauta?"

"Ita."

"Ba zai yiwu ba. Ni da na ɗauka maganar gurbin nan ta riga ta zauna daram."

"Ta zauna, Baba. An tashe ta ne."

"Da me?"

Auta ta kalli gilashin gaba. Nan ne gizo ke saƙa. Abin da Kunne ta ce mata a tsaye ba shi da tsawo: "Ranar tantancewa an tambaye ki ko kin taɓa kwanciya saboda irin ciwon da za ki yi aiki a kansa, kika ce a'a. Na samu labarin ba haka ba ne. Na dakatar da sunanki. Ki yi tunani ki zo ki same ni." Kuma gaskiya ne. Shekarar da mahaifiyarta ta rasu Auta ta daina cin abinci, ta daina wanka, ta daina magana, sai da aka kwantar da ita a sashen masu taɓin hankali. Baba ya ce wa dangi tana wurin gwaggonta. Ya rufe maganar ruf, ko yayyenta maza ba su sani ba. Ta yaya za ta dubi idonsa yau ta ce ita da bakinta ta buɗe wa wata?

"Wata magana ce na faɗa wa Tabarau a ɗakin gwaji," ta ce. "Ita ta kai."

"Mene ne kuma ɗakin gwaji?"

"Inda muke gwada aikin a kan junanmu. Biyu-biyu. Yau ni ce mara lafiya ita ce mai sauraro, gobe mu juya. An ce kowa ya kawo abin da ke damunsa na gaske, amma ƙarami. Faɗa da maƙwabci, rashin barci, irin wannan."

"Ke kuma kika kai babba."

"Ta iya sauraro, Baba. Kafin in ankara na zazzage mata."

"Ita kuma ta tattara ta kai kasuwa."

"Doka ce fa. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a ɗakin yake mutuwa. Ranar farko aka sa muka yi alkawari."

Baba ya yi wata dariya mara daɗi.

"Alkawari! Auta, na koya wa alƙalai tuƙi, na koya wa ɓarayi. A bayan sitiyari ba ka bambance su, kowa in ya ga rami sai ya kauce ya bar na bayansa ya faɗa. Motata ta biyu na sayar saboda digirin nan naki. Gashin kaina ya ƙare ina jiran ranar da za a ce Dakta. Sai wata mai ido huɗu ta zo ta ɗauke?"

Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Kin ce juyawa kuke yi. To ranar da ita ta zauna a kujerar mara lafiya fa? Me ta kawo, ƙarami ko babba?"

Auta ta yi shiru.

"Shirun nan naki babba ne."

"Baba, haramun ne a aikinmu."

"Ita da ta yi, halas ne?"

"In na fitar, na zama ita."

"Ki zama ita mana! Ita ce ke da gurbi yanzu, ke kina zaune a motar lana kina kuka. Ban ce ki faɗa min ba, ba na son ji. Wadda za ta ji tana ofis. Ni a sana'ata duk malamin da zan ɗauka sai na tambaye shi ko ya taɓa yin hatsari. In ya ce bai taɓa ba, ba na ɗaukarsa, bai san komai ba. To yau ke an buga miki ta baya. Ko ki koyi bugu, ko ki sauka daga titi."

Ta share fuskarta da bayan hannu, ta murza mukulli.

"Ina za mu?"

"Makaranta. Sai na fara kallon idonta tukuna."

"Yauwa 'yar albarka. Sa sigina."

*

Ɗakin gwaji ba wani ɗaki ba ne. Kujeru biyu a karkace, ba su fuskanci juna sosai ba, ɗan tebur da kwalin tishu a kai, agogo a bango ta bayan kujerar mara lafiya don mai sauraro ya duba lokaci ba tare da an lura ba. Sai gilashin nan mai faɗi da malamai ke kallo ta bayansa in sun ga dama. Da yamma ba kowa a bayan gilashin, an ja labule.

Tabarau na ciki tana haɗa jakarta. Tana ganin Auta ta miƙe.

"Ƙawata! Tun ɗazu nake kiran wayarki."

Auta ta mayar da ƙofa ta rufe. Ta zauna a kujerar mai sauraro, ta ɗora ƙafa kan ƙafa, ta nuna ɗayar.

"Zauna. Muna da minti hamsin."

"Auta, wasa kike yi?"

"Faɗa min, ya kika ji a ranki da aka kira sunanki a gurbina?"

"Wallahi ban ji daɗi ba. Shi ya sa nake nemanki. Gobe da safe zan je wurin Dakta in ce ban karɓa ba sai an gaya min dalilin cire ki."

"Uhm. Na ji kin ce ba ki ji daɗi ba. Ƙara min bayani."

"Ki daina min muryar aiki, don Allah."

"Muryar da kika yi min ce ai. Kin manta? Kika karkata kai, kika turo min tishu, kika ce, ina jinki Auta, ba gaggawa. Ni kuma sakarya na buɗe baki."

Tabarau ta zauna a hankali.

"Tsaya. Maganar ciwonki ce?"

"Au, kin tuna."

"Dakta ta sani?"

"Ki daina. Ba ki iya wasan kwaikwayo ba, ko a aji ke ce ta ƙarshe."

"Auta, na rantse da wanda ya halicce ni ban faɗa wa kowa ba. Ko mamata."

"Mutum uku suka san zancen nan a duniya. Likitan da ya duba ni ya bar ƙasar tuntuni. Babana ya gwammace a yanke masa harshe. Saura wa?"

"Ban sani ba!"

"Wa ya ci riba?"

Tabarau ta cire tabaraunta tana gogewa da gefen mayafi.

"Na san yadda abin yake a ido. Da ni ce ke, ni ma ni zan zarga. Amma ki tambayi Dakta wa ya gaya mata. Kin tambaye ta?"

"Ba na tambayar abin da na sani."

"Shekararmu bakwai tare, Auta. Daga ajin farko. Wa ya zauna da ke kuna haddar lissafin bincike har kika ci? Wa ya—"

"Ya Injiniya?"

Tabarau ta mayar da tabaraunta, ta dubi Auta.

"Me ya kawo shi cikin maganar nan?"

"Gaisuwa ce kawai. Yana lafiya? Ya daina caca a waya? Ko har yanzu in albashi ya shigo ke kike riƙe masa kati?"

"Auta..."

"A kujerar nan kika zauna. Ni ma na turo miki tishu. Kika ce a ɗan horon da muka yi bara an ba ki wani mutum, kin zauna da shi zama takwas, an sallame shi. Bayan sati biyu ya kira ki wai godiya zai yi. Godiya ta zama shayi, shayi ya zama zance, yanzu ga shi manya sun shiga magana. Kika ce wa mamarki a banki kuka haɗu."

"An riga an sallame shi kafin—"

"Kin fi ni sanin dokar. Ke kika fi kowa maki a darasin ladabin aiki. Wanda ya taɓa zama a gabanki yana kuka, ba saurayinki ba ne. Ba bayan sati biyu ba, ba bayan wata biyu ba. Faɗa min, me hukuma ke yi wa wadda ta yi haka?"

Tabarau ta sunkuyar da kai.

"Ba na ji."

"Ba ta samun lasisi," ta ce can ƙasa.

"Na shekara nawa?"

"Har abada."

"Madalla. Ci gaba da riƙe makinki."

Tabarau ta zamo daga kujera ta durƙusa, ta kama gefen rigar Auta.

"Ki ji ni. Ni ki bar tawa, na san na yi kuskure, kullum da shi nake kwana. Amma shi fa? In aka buɗe bincike za a kira shi. Za a ɗauko fayil ɗinsa. Gidansu ba wanda ya san ya taɓa zuwa asibiti, wurin aikinsa ba su sani ba. Mutumin nan da ƙyar ya miƙe, Auta. Mara lafiya ne. Bai yi miki komai ba."

"Ni ma mara lafiya ce. Kin tuna da haka kafin ki hau bene wurin Dakta?"

"Ban hau ba!"

"Cika min riga."

"Ki ba ni zuwa gobe. Zan je wurin Dakta da kaina a kan maganarki. Ki ga abin da zan yi, sannan ki yanke hukunci."

Auta ta miƙe. Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, kamar yadda aka koya musu.

"Lokacinmu ya cika a nan. Za mu ɗora daga inda muka tsaya."

Ta zari tishu ɗaya ta saka mata a hannu, ta fita.

*

Washegari Baba ya soke darasinsa na farko. Ya wanke motar lana har da tayoyi, ya sa hularsa kora ta zuwa taro.

"Kin ci wani abu?"

"Ba na jin yunwa."

"Sha shayi ko kaɗan. Ba a yin rashin mutunci da yunwa, murya takan yi rawa."

A hanya bai bar ta ta yi shiru ba.

"Kada ki yi kuka a gabanta. Kada ki yi rantsuwa, mai gaskiya ba ya yawan rantsuwa. Ki jero abin ɗaya bayan ɗaya kamar kina karanta alamun titi. In kin gama ki yi shiru, ki bar shi ya yi aikinsa."

"Baba, akwai wani a cikin maganar. Shi ba ruwansa."

"Kowane hatsari akwai wanda ba ruwansa. Ke da ruwanki aka buge ki?"

Ya faka a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban sashen, daidai saitin tagogin bene.

"Ina nan. In kin fito da nasara ki ɗago min hannu, in yi miki hon."

Ofishin Kunne na hawa na farko. Mace ce 'yar siririya mai furfura a gaban goshi. Abin saurare ba ya barin wuyanta, domin duk zaman da ɗalibi ya yi da mara lafiya sai ta saurari rikodin ɗinsa daga sallama har sallama, ta tsayar ta ce, a nan me ya sa ka katse shi? Daga nan sunan ya samo asali. Taga a buɗe take, fanka na juyawa.

"Shigo, Auta. Na ji daɗi da ba ki daɗe ba. Zauna."

Auta ta zauna a bakin kujera.

"Kin yi tunanin?"

"Na yi, Dakta."

"Ina jinki."

"Na zo in sanar da ke wani abu a kan wadda kika ba gurbina."

Kunne ta ajiye biron da ke hannunta.

"Ba abin da na ce ki yi tunani a kai ba ke nan."

"Ya shafi mara lafiya, Dakta. An koya mana in ya shafi mara lafiya, dole a faɗa."

"Haka ne. To kafin ki buɗe baki, ki sani: duk abin da ya shiga kunnena a ofishin nan game da mara lafiya, ba ni da ikon mayar miki da shi. Sai na kai gaba. Kin gane?"

Birki ke nan aka taka mata. Wanda ya yi shekaru yana zama a gefen 'yan koyo ya san irin wannan takun, ana yin sa ne saura taku ɗaya a hau taya. Auta ta ji shi sarai. Ta tuna Tabarau a durƙushe. Ta kuma tuna sunanta da aka zare.

"Na gane."

Ta jero shi kamar yadda Baba ya ce. Horon bara, mutumin, cacar, sallamar, kiran waya, shayin, maganar aure. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Da ta gama ta yi shiru.

Kunne ta gyara zama.

"A ina kika ji wannan?"

"Ita ta faɗa min."

"A ina?"

"A... ɗakin gwaji."

"Yaushe?"

"Farkon zangon nan."

"Farkon zango. Yanzu muna ƙarshensa." Kunne ta jingina da kujera. "Da a satin da kika ji kika zo, ko kika kamo hannunta kuka zo tare, da na ce wannan yarinya ta san aikinta. Kika zauna a kansa wata da watanni, mutumin nan bai dame ki ba. Sai jiya da aka taɓa gurbinki ya zama mara lafiya abin tausayi. Wannan kare shi kika zo yi, ko jifa kika yi da shi?"

"Ita ta fara, Dakta!"

"Ta fara me?"

"Ita ta kawo miki maganar ciwona! A ɗakin nan na faɗa mata, ita ma ta karya alkawari. Me ya sa nata bai zama laifi ba?"

Kunne ta ɗan runtse ido.

"Wa ya ce miki ita ce?"

"Ba wanda ya sani sai ita."

"Kin tambaye ni?"

Kafin Auta ta amsa, wata murya ta taso daga ƙasa, ta shigo ta taga, murya mai ƙarfi ta wanda ya saba magana a kan ƙarar inji.

"Dakta! Dakta, barka da safiya! Ai na ce miki za ki sake ganina!"

Kunne ta leƙa, ta ɗaga hannu kaɗan. Sannan ta juyo.

"Zo ki gani."

Auta ta taso. A ƙasa Baba na tsaye jikin motar lana, ya cire koriyar hula yana kaɗawa, bakinsa har kunne.

"Satin da ya wuce ya zo," in ji Kunne. "A kujerar da kika tashi ya zauna. Ya ce ya ji ana rabon gurbi, ya zo ya yi abin da uba ke yi. Na ce masa ba a haka a nan. Ya ce shi ba roƙo ya zo ba, hujja ya kawo. Ya ce 'yarsa ta fi duk ajin cancanta, domin ita ta taɓa shiga ciwon da kanta ta fito. Har ya ba ni misali da yadda yake ɗaukar malaman tuƙi."

Auta ta dafa bango.

"Ya ce bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma ni likita ce, ya san a wurina zai tsaya. Yana faɗa yana share hawaye. Alfahari yake da ke."

"Baba..."

"Kuma bai yi ƙarya ba. Kina tsammani ke ce ta farko? Cikin waɗanda na horar, da yawa sun taɓa kwanciya, wasu suna kan magani har gobe, kuma suna cikin na ƙwarai. Ba ma tambaya don mu kori mutum. Muna tambaya ne don mu san inda za mu tsaya kusa da shi in aiki ya taɓo masa tsohon ciwo. Ba ciwonki na dakatar ba, Auta. Ƙaryar na dakatar. Da yau kin shigo kin ce, Dakta, tsoro na ji, na taɓa kwanciya, da ranar Litinin kina asibiti da farar riga. Ƙawarki riƙon ƙwarya kawai na ba ta."

"Dakta, na janye. Don Allah na janye. Ki ɗauka ban ce komai ba."

"Na gaya miki kafin ki fara."

"Ƙarya na yi! Haushi ne, ƙirƙira na yi!"

"To zaɓi ɗaya. Ko gaskiya kika faɗa, ita ta tafi gaban kwamiti, ke ki bi ta ki yi bayanin watannin da kika yi shiru. Ko ƙarya kika yi wa abokiyar aiki da mara lafiya, wannan kuma ba sai an tara kwamiti ba. Wanne ne?"



Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Waye?"

Ƙofar ta buɗe kaɗan. Tabarau ce. Idanunta sun kumbura a bayan gilashi, da alama ba ta runtsa ba. Ta ga Auta a jikin taga, ta yi ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi, irin na wadda ta ɗauka ta iso a kan lokaci.

"Dakta, ki yi haƙuri na shigo ba izini. Na zo ne in ce ki mayar wa Auta gurbinta. Duk abin da aka ce miki a kanta, ni na zauna da ita shekara bakwai, na san wace ce. Ni zan jira baɗi."

Kunne ta cire abin sauraren daga wuyanta ta ajiye a kan tebur.

"Shigo. Rufe ƙofar. Ja kujera kusa da ƙawarki."

Tabarau ta zauna, tana kallon wannan tana kallon waccan.

"Auta," in ji Kunne, "maimaita abin da kika faɗa min. A gabanta."

Auta ta ɗaga hannu za ta toshe bakinta. Daga ƙasa Baba ya hango hannun ya tashi a taga.

Ya danna hon sau biyu.